A daina yi wa Van de Velde dariya haka nan

Duk shekara idan gasar golf ta The Open ta ƙarato, sai an sake yawo da hoton nan: mutum ya cire takalmi da safa, ya naɗe wando har gwiwa, yana tsaye cikin rafi yana kallon ƙwallonsa. Jean Van de Velde ke nan, Bafaranshe, a filin Carnoustie na Scotland, Yulin 1999. Jama'a su yi ta sheƙa dariya, wai ga wawan da ya zubar da kofi da hannunsa. Ni kam ban yarda da wannan hukuncin ba.

Ga waɗanda ba sa bin wasan: a golf mai ƙarancin bugu ne ke cin gasa. Van de Velde ya iso rami na 18, na ƙarshe, yana gaba da bugu 3. Ramin na bugu 4 ne, shi kuwa ko a 6 ya gama kofi nasa ne, kuma da ya zama Bafaranshe na farko da ya ɗauke shi tun Arnaud Massy a 1907.

Bugun farko ya karkace dama, Allah ya taimake shi ƙwallo bai faɗa ruwa ba. A na biyu ne ake ɗora masa laifi, kuma a nan masu suka suna da gaskiya: da ya lallaɓa ya tura ƙwallon gaba kaɗan, da an wuce wurin. Sai ya zaɓi ya kai shi bakin rami kai tsaye. To amma ku dubi abin da ya biyo baya. Ƙwallon ya nufi rumfar 'yan kallo. Da a cikin rumfar ya tsaya, doka ta ba shi damar ɗauka ya ajiye a gefe ba tare da tara ba. Sai ya bugi ƙarfen rumfar, ya yi tsalle ya dawo baya, ya nutse cikin doguwar ciyawa. Wa ke tsara irin wannan? Tsautsayi ne tsagwaronsa. Daga ciyawa sai rafin Barry Burn, aka ƙara masa bugun tara, daga nan sai ramin yashi.

Abin da ba a cika nunawa ba shi ne ƙarshen. Bayan duk wannan wulaƙanci a idon duniya, sauran masa bugu ɗaya daga nisan kimanin mita 2, wanda in ya kuskure ko zagayen raba gardama ba zai shiga ba. Ya jefa shi, ya gama ramin da bugu 7, ya yi kunnen doki da mutum biyu. Mutumin da zuciyarsa ta karye hannunsa rawa yake yi, ba ya jefa wannan.

Ba shi kaɗai ba ne ma. Greg Norman ya shiga ranar ƙarshe ta Masters, babbar gasar golf ta Amurka, a 1996 da ratar bugu 6, ya tashi da 78, Nick Faldo ya wuce shi. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Roberto De Vicenzo na Ajantina a Masters ta 1968: abokin wasansa ya rubuta masa 4 a rami na 17 alhali 3 ya yi, ya sa hannu bai duba ba, kuma a doka in ka sa hannu a kan adadin da ya fi na gaskiya yawa, shi ke zama. Da haka ya rasa damar karawar raba gardama da Bob Goalby, wanda ya ɗauki kofin. Ranar ce ma ya cika shekara 45.

Dariyar nan kuma akwai wanda take zalunta bayan Bafaranshen. Ku tambayi masu yaɗa hoton wa ya ci gasar 1999, ku ga yadda za a yi ta susar ƙeya. Paul Lawrie ne, ɗan Scotland, wanda ya wayi gari ranar ƙarshe bugu 10 a baya, ya yi 67 a filin da ya wahalar da kowa a makon. A zagayen raba gardama ya doke Van de Velde da Justin Leonard na Amurka. Rami na 18 ɗin da ya ci wa Bafaranshe bugu 7, Lawrie da 3 ya gama shi a wannan zagayen.