Koyon malanta ta waya ba zaman ɗaki ba ne

Wai da mutane sun ji an ce ana horar da sabbin malamai ta intanet sai su ce shikenan, mutum na kwance a ɗaki yana danna waya ya samu NCE, wato takardar shaidar malanta. Ba haka ba ne fa. Lacca ce da aikin gida ake turawa ta waya ko kwamfuta, amma gwajin koyarwa dole sai ka je makaranta ka tsaya gaban yara da alli a hannu, mai duba ka na zaune can bayan aji yana ba ka maki, in aji ya kaure da surutu ma yana kallon yadda za ka yi da su.

Kuma karatu daga nesa ai ba yau aka fara ba, NTI Kaduna, wato Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, tun 1976 aka kafa ta, littattafai ake rabawa sai a haɗu a cibiya ƙarshen mako. Ita wayar, zirga-zirga kawai ta rage wa mutane, shi ma in akwai data da caji.