Bazarar Minesota da Farar Shaddata

Laifin ƙamus ne, kuma har gobe ina nan a kan bakana. Shi ya ce mini lokacin da ke biyo bayan sanyin Turawa sunansa bazara. Ni kuwa bazarar da na sani ita ce ta Zariya, wadda a watan Maris ko ƙadangare sai ya nemi inuwa.

Shekararmu ta farko ke nan a jihar Minesota ta Amurka, kuma yaranmu uku a gida suke karatu. Dokar jihar ta yarda, muddin ka sanar da hukumar ilimin yankinku kafin 1 ga Oktoba, ka ajiye shaidar abin da ake koyarwa, yaran kuma su zauna jarrabawa duk shekara. Uwargida ce malama, teburin cin abinci ne aji. Ni aka ba shugabancin makaranta, wato direba da sa hannu.

Ranar da ta ce za mu je wata cibiyar kula da daji da ke bayan gari don darasin kimiyya, gari ya waye da rana tas. Ma'aunin zafi ya nuna 7, maƙwabcinmu har da gajeren wando. Bayan wata huɗu ina yawo cikin riguna kamar albasa, sai na ciro farar shaddata mai aiki a wuya, da takalmi sau-ciki na fata.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Malam, daji fa za mu, ba ɗaurin aure ba. Ga takalmin roba nan na saya maka."

Na ce, "Hajiya, ni da na tashi a fadamar rake za a koya wa shiga daji?"

Ba ta ƙara magana ba. Ta dai ɗauki takalmin ta jefa a bayan mota.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne, dusar ƙanƙarar wata huɗu idan ta narke ba ta da wurin zuwa, don ƙasan can ciki ba ta gama sakewa ba. Sai ta tsaya a sama ta zama taɓo. Tun daga wurin ajiye motoci takalmina ya fara kuka, caɓal, caɓal. Iyalai kusan goma muka tarar, kowa da takalmin roba har gwiwa. Wata dattijuwa mai furfura, 'yar sa-kai, ita ce jagora. Ta yaba rigata ƙwarai, irin yabon da ake yi wa ragon layya.

Mun ɗan taɓa tafiya sai muka ji hayaniya daga wani ɗan kududdufi, kwak-kwak-kwak. Na ga dama ta samu. Na tara yarana na ce su rubuta: agwagi ne, kuma daga jin muryar, matan ne ke kiran mazan. 'Yar farina ta rubuta. Na tsakiya ya leƙa ya ce, "Abba, to ina agwagin?" Na ce sun ɓuya, dabbar daji ba ta son idon mutane.

Sai dattijuwar ta tsuguna ta nuna mana wani ɗan kwaɗo ruwan ƙasa, bai kai babban yatsana ba, da baƙi a ido kamar ya sha kwalli. Su ne masu kukan, kuma mazan ne. Ta ce da sanyi kwaɗon nan daskarewa yake yi a ƙarƙashin ganye, numfashi ya tsaya, zuciya ta tsaya. Hantarsa ke zuba sukari a jini, shi ke hana ƙanƙara ɓata masa jiki. Gari na sakewa sai ya narke ya tashi ya nufi ruwa neman mata. Na ce ikon Allah. 'Yar farina ta ja layi a kan agwagina a hankali, da rula.

Daga nan muka shiga cikin itatuwa, sai na ga kowace bishiya an huda ta, an soka ɗan bututun ƙarfe, an rataya bokiti, ruwa na ɗiga. Gabana ya faɗi. Wannan aikin na san shi, na gan shi a jikin kwakwa a kudu. Dattijuwar kuma ta fara raba wa yara ƙananan kofuna.

"Kada wanda ya taɓa!" na ce da Hausa, da ƙarfi. "Bammi ne!"

Auta ya saki kofinsa ya fashe da kuka. Turawa suka juyo. Uwargida ta matso kusa da kunnena ta ce, "Malam, abin da kake zubawa a fanke kullum da safe ne. Har kana lasar cokali."

Ashe bishiyar mefil ce, mai ganyen nan na tutar Kanada. Ruwanta ba ya gudu sai dare ya daskare, rana kuma ta sake, shi ya sa kakarsa ba ta wuce 'yan makonni. Mutanen Ojibwe da Dakota, 'yan asalin yankin, sun daɗe suna wannan sana'a kafin Bature ya taka ƙasar. Don in wanke kaina na karɓi kofi na kurɓa. Ruwa ne kawai mai sanyi, zaƙin sai ka yi masa kyakkyawan zato, don sukarin ciki kusan kashi 2 cikin ɗari ne kawai. Sai an dafa galan 40 kafin a samu galan ɗaya na zumar. A wata rumfa muka ga faffaɗan kasko yana tafasa a kan itace, tururi ya cika ko'ina, ƙamshin ya kai ni Maƙarfi kai tsaye. Na ce wa yara, "Mazarƙwaila ce ta masu haƙuri." Wannan kaɗai ne abin da na faɗa ranar da ba a soke ba.

Da na tsaya a nan da na koma gida da sauran mutuncina. Amma a hanyar dawowa muka hangi dinya biyu a bakin tafki, manya, masu baƙin wuya da fari a haɓa. Dattijuwar ta ce a zagaye, lokacin sheƙa ne, namijin ba ya wasa. Na yi dariya. Tsuntsu? Ni da na sha kama zabi da hannu? Na ce bari in matsa in ɗauko wa makarantarmu hoto.

Ya sauke wuya ƙasa, ya yi huci irin na kububuwa, ya buɗe fukafukai, ya taho. Na ce "kai!" Na ce "shu!" Ashe ba ya jin Hausa. Na juya zan ruga, ƙafar dama ta tafi, takalmin hagu ya ce shi ya samu wurin zama. Zaman daɓaro na yi cikin taɓo, shi kuma ya kama gefen rigata yana ja kamar mai bin bashi. Da sandar dattijuwar aka raba mu. Hulata kuwa tana can tana iyo.

Takalmin sai da na tsakiya ya zura hannu har kafaɗa ya laluɓo shi. Uwargida ta buɗe bayan mota, ta miƙo mini na robar, ta shimfiɗa ledar shara a kujerar direba. Ko uffan ba ta ce ba, kafaɗunta ne dai ke ta rawa.

Da daddare kowa ya rubuta rahoton abin da ya gani, na ajiyewa a fayil ɗin shaida. Aka kawo wa shugaban makaranta ya sa hannu. 'Yar farina ta jera halittu uku: kwaɗon da ke mutuwa ya tashi, bishiyar da ba bammi ba, da dinyar da ta kayar da Abba. Na ce a cire na ukun.

Uwargida ta ce, "Malam, kimiyya ce. Abin da aka gani ake rubutawa."

Na sa hannu. A ƙasa Auta ya zana hoton, ƙafata ɗaya ba takalmi.