Giyar da yanayi ya haifa da wadda talla ta haifa

Shekara shida na yi a birnin Portland na jihar Oregon a Amurka, yanzu kuma ina cikin ta huɗu a Bavariya, kudancin Jamus. Sana'ata gyaran injinan sanyi, kuma mafi yawan masu kirana ƙananan gidajen dafa giya ne, domin giya ba ta tsima yadda ake so sai an riƙe mata sanyi daidai. Ni ba na sha, amma wanda ya shekara goma yana kwance a ƙarƙashin tanki yana ɗaure noti, dole kunnensa ya cika da hirar masu abin. A ƙasashen biyu ana yawan maganar "giyar lokaci", wato wadda ake fitarwa a wani yanki na shekara kawai. Kalma ɗaya ce, amma abin da suke nufi da ita ya sha bamban, kuma na daɗe da zaɓar ɓangaren da nake.

A Bavariya, lokacin giya ba wani ne ya zauna a ofis ya ƙirƙiro shi ba. Kowa ya san dokar 1516 da aka kafa a Ingolstadt, wadda ta ce ruwa da sha'ir da furen hop mai ɗaci kaɗai za a zuba a tukunya. Wadda ba a cika ambata ba, kuma ita ta fi burge ni, ita ce ta 1553, da ta hana dafa giya daga 23 ga Afrilu zuwa 29 ga Satumba. Dalili biyu ne: gobara a lokacin zafi, da kuma lalacewar giyar in ta ji ɗumi. To me za a sha a bazara? Sai masu dafawa suka riƙa yin mai ƙarfi a watan Maris, su zuba mata hop da yawa, su ajiye a ramukan ƙarƙashin ƙasa tare da ƙanƙarar da suka sassaro daga tafkuna a hunturu. Sunanta ma Märzen, ta watan Maris ke nan. A saman ramukan suka dasa itatuwa masu inuwa mai kauri waɗanda saiwarsu ba ta nutsawa can ƙasa, don kada rana ta gasa rufin. Mutane suka fara zama a inuwar, har Sarki Max Joseph ya halatta sayar da giya a wurin a 1812. Lambunan shan giya da Munich ke alfahari da su yau, asalinsu dabarar tsare ƙanƙara ce.

Na taɓa sauka ɗaya daga cikin irin ramukan nan a wani ƙauye kusa da Bamberg, inda injin sanyi ya tsaya. Dattijon mai gidan, ya haura saba'in, ya bi ni da tocila. Ina ta gaggawa ina ce masa, "Maigida, in ba mu tayar da shi yau ba za ka yi asara." Bai ce komai ba, ya kama hannuna ya ɗora a bangon dutsen. Sanyi ya ratsa ni har gwiwar hannu. Ya ce kakansa da wannan bangon ya yi aiki, ba inji, in yi aikina a tsanake. Tun shekarun 1870 Carl von Linde ya ƙera injin da ya raba masu giyar Munich da dogaro da ƙanƙarar tafki, kuma daga injin nan sana'ata ta samo tushe, amma dattijon har yau a watan Maris yake dafa Märzen ɗinsa.

Haka sauran shekarar take tafiya. Lokacin azumin Kiristoci kafin Ista, ana fito da mai kauri da duhu, wadda 'yan zuhudun Paulaner suka fara, mai suna Salvator. Shi ya sa takwarorinta suke ƙarewa da sauti ɗaya, irin su Maximator da Triumphator. Watan Mayu yana da tasa. Kowace da dalilin da ya kawo ta.

A Portland kuwa, abin da na gani daban ne, kuma ba zan rage musu komai ba. A ƙarshen shekarun 1970 gidajen giya a duk Amurka ba su kai 100 ba, kusan duk abu ɗaya suke yi. Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar halatta dafawa a gida a 1978, gidan giya na Sierra Nevada ya fara a Kalifoniya a 1980, yau gidajen giyar Amurka sun haura 9,000, alhali Jamus duka kusan 1,500 take da su. Mutane ne masu zuciyar gwaji, kuma sun farfaɗo da nau'o'in da Turai ta yi watsi da su. Suna ma da lokaci guda na gaskiya da ban ga kamarsa ba: a ƙarshen Agusta zuwa Satumba, in aka girbe hop a kwarin Willamette ko na Yakima, akan ɗauko shi ɗanye a mota a juye a tukunya cikin yini guda, kafin ya fara lalacewa. Ranar nan duk gidan ƙamshin ciyawa da lemun tsami yake, ma'aikata hannuwansu sun yi kore suna danƙo. Wannan ba a iya yinsa a watan Fabrairu, ko nawa za ka biya.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne sauran. Wani gida da nake yi wa aiki, a tsakiyar Yuli muke sanyaya masa giyar kabewa ta kaka, don ta isa kanti a Agusta kafin ta abokan gasa. Kabewar bana ko nuna ba ta yi ba; ta gwangwani ce, da kirfa da kanumfari. Ana kiranta ta lokaci, amma lokacin na sashen talla ne. Jamus ma ba ta tsira ba, domin giyar Oktoberfest, babban bikin giya da ake yi kowace shekara a Munich, takan cika kantuna tun makonni kafin a buɗe filin, kuma wadda gidajen Munich shida suke zubawa a rumfunan yau ta fi ta zamanin da haske da sauƙi, don a sha da yawa.

Bambancin ya fi fitowa a yadda masu son abin suke hira. A Portland na sha ganin saurayi an kawo masa ƙananan kofuna biyar a kan katako. Ya kurɓa, ya ɗauki hoto, ya buɗe manhajar Untappd ya ba ta tauraro uku da rabi, ya wuce ta gaba. Ya san sunayen hop fiye da ashirin, kuma da gaske yake son abin, amma burinsa ya ɗanɗana wadda bai taɓa ɗanɗana ba, don haka ba ya komawa kan guda sau biyu. A ƙauyen Bavariya akwai teburin 'yan gida, Stammtisch, inda mutum shida za su shafe awa guda suna musu a kan giya ɗaya tak: ta bana ta fi ta bara zaƙi, a'a sha'ir ɗin ne ya ji fari, a'a ɗan mai gidan ne ya karɓi tukunya. Suna da ma'auni saboda shekara talatin suna shan abu ɗaya a wata ɗaya. Aibinsu kuma a fili yake: ka kawo musu sabon abu, kafin su shinshina sun yanke hukunci, kuma matasan Jamus masu son gwaji suna shan wuya da wannan taurin kai. Duk da haka, in za a ba ni zaɓin ra'ayin wanda zan saurara, na teburin nan zan ɗauka, domin shi yana iya gaya maka abin da ya canza da dalilin canzawar.

Bara na je Brussels na ziyarci Cantillon, gidan da tun 1900 yake dafa wata irin giya mai suna lambic. Ba sa zuba yisti. Tafasasshen ruwan sha'ir da alkama suke bazawa a wani faffaɗan faranti na jan ƙarfe a saman bene, su bar iskar dare ta sanyaya shi ta kawo masa nata ƙwayoyin. Sai dare ya yi sanyi sosai abin yake yiwuwa, shi ya sa daga ƙarshen kaka zuwa farkon Afrilu kaɗai suke dafawa, kuma ɗumamar yanayi tana ta cinye musu kwanaki. Na tsaya a ɗakin ina kallon rufin katakon, ina lissafin irin injin da zai riƙe musu sanyin duk shekara. Lissafin ya fita cikin minti biyar, amma inji ba zai kawo iskar Brussels ta watan Disamba ba, kuma su ma ba su nemi kowa ya sa musu ba.