Babbar altaneta ba ta ƙona batir

Sau da yawa a garejin Apo da ke Abuja nakan ji ana cewa in ka sa wa tsohuwar mota altaneta (na'urar da ke cajin batir) mai amfiya 120 a madadin mai 70, za ta dafa batir. Tsoron yana da dalili, tunda an ga ƙarfi ya ƙaru. Amma ba haka abin yake ba. Akwai regileta a jikin altanetar da ke riƙe wutar a wajen bolt 14, kayan motar kuma abin da suke buƙata kawai suke ja. Kamar babban tankin ruwa ne, famfo iya buɗewarsa yake zubarwa.

Inda haɗarin yake shi ne tsohuwar siririyar wayar da ke kaiwa batir. In an ƙara manyan sifiku da fitilu, za ta yi zafi. A canza ta da mai kauri, a sa fis daidai da ita, a duba bel ɗin da ke juya altanetar kada ya riƙa zamewa.