Yadda Na Mallaki Filaye 37 a Accra

A farkon shekarar 2024 na shiga kasuwar Kantamanto neman takalmin gwanjo, na fito babu takalmi, sai wani kwali da ya sha jiki a hammatata. Mai kayan ya ce daga cikin dilar jakunkuna ya faɗo, yana zaton karta ce ta yaran Turawa, in ba shi sidi 60 in ɗauka. Na yi ta tayawa har ya sallama a 40, ina ta ɓata rai don kada ya gane na tsinci dami a kala, domin tun daga bayan katunan na san Magic: The Gathering ne, wasan da aka fara fitarwa a Amurka a 1993, wanda wani yaro ɗan unguwar Madina ta nan Accra da ya yi karatu a jami'ar Legon ya koya mana mu uku, har muka wayi gari ba mu da aikin yi ranar Lahadi bayan la'asar sai shi.

Abin da ke cikin kwalin shiryayyen ƙunshi ne, wato katunan da kamfani ya riga ya haɗa don mutum ya buɗe ya fara wasa nan take. Na tsarin Commander ne, fitowar 2014, kore zalla, jagorarsa kuma Freyalise, wata mai ido ɗaya a rufe da ke jan rundunar elf, waɗannan mutanen daji masu dogayen kunnuwa. A wannan tsari kati 100 ake riƙewa, ba a maimaita kati sai katunan ƙasa na asali, mutum huɗu ke zama, kowa da rai 40. Na ƙirga sau uku na samu ɗari cif, abin da ya tabbatar mini cewa mai shi na farko ya fi ni tarbiyya.

Dole in yi bayanin abu ɗaya, domin a kansa aka kusa raba mini aure. Kowane kati yana da farashi, kuɗin wasan kuma sunansa mana, shi ya sa idan muna wasa za ka ji ƙato da gemunsa yana cewa, "Ba ni da mana mana!" Ita wannan mana daga katunan ƙasa take fitowa, waɗanda mu a majalisarmu muke kira filaye, kuma fili ɗaya kaɗai ake saukewa a kowane zagaye. Ƙunshina yana da filaye 37, yawancinsu hoton daji ne kawai.

Wata biyu na yi ina wasa da shi yadda na same shi, har na ci sau uku. Daga nan abokan wasa suka fara zolayata cewa ƙunshina ya shekara goma, ya kamata a kai shi gidan tarihi. Yaron Madina ya ba ni shawara mai kyau: in cire katunan da suka fi rauni kamar goma, in maye gurbinsu da waɗanda suka dace da rundunar, kada kuma in taɓa filaye. Na saurare shi kamar yadda fasinja ke sauraron mai tallar magani a cikin tro-tro.

Ina da ɗan kawu da ke tuƙa tasi a Bronx, can birnin New York, sai na tura masa jerin sunaye ta WhatsApp, muka shirya cewa zan tura wa mahaifiyarsa kuɗin da sidi ta MoMo, shi ya saya da dala. A cikin jerin akwai Arcane Signet, wanda sai a 2019 aka fara buga shi, don haka tsofaffin ƙunsuna ba su da shi. Akwai Craterhoof Behemoth, wata dabba mai cin mana takwas, wadda in ta sauka take ƙara wa kowace halittarka ƙarfi daidai da yawan halittun da kake da su, wasa ya ƙare ke nan. Sai kuma sarkinsu, Jeweled Lotus, kati mai hoton fure, wanda ba ya cin ko mana ɗaya amma yana ba da mana uku na launi ɗaya don sauke jagora kaɗai. Freyalise mana biyar take ci, ke nan da fili biyu da wannan fure zan iya sauke ta a zagaye na biyu, tun kafin a zuba ataya ta farko. Kuɗin duka ya zo daidai da abin da muka ajiye don gyaran firij, kuma na ɗauki wannan daidaituwa a matsayin alama.

Matsalar ita ce duk katin da ya shigo sai wani ya fita, domin ɗari ba ta zama ɗari da ɗaya. Na baje ƙunshin a kan gado dare uku, na kasa rabuwa da ko elf ɗaya, saboda kowannensu yana da fuska, wasu ma sun taɓa cetona. Filaye kuwa itatuwa ne kawai. Na lallashi kaina da cewa ai elf ɗin ma suna ba da mana, na zare filaye goma na ɗaure su da roba.

A wannan makon ne Hajiya, surukata, ta zo daga Aboabo a Kumasi don ta yi mana sati biyu. Ina tsaye a baranda ina waya da yaron Madina, ban san tana zaune bayan labule tana jan carbi ba, na ce da ƙarfi, "Filaye 37 nake da su, sun yi mini yawa. Goma zan fitar, daji ne kawai, babu abin da suke yi sai cin wuri."

Washegari wake da shinkafata ta zo da ƙwai biyu da nama. Hajiya, wadda shekara tara ba ta taɓa kirana da wani abu da ya wuce Malam ba, ta fara ce mini Alhaji, alhali ko filin jirgi ban taɓa wucewa ba sai rakiya. Maiɗakina kuwa ta daina yi mini magana gaba ɗaya. Na ɗauka zancen firij ne ya fasu, sai na ƙara ladabi.

Ran kwana na uku na dawo daga aiki na tarar da takalma a ƙofar falo, Kawu ya taso tun daga Sabon Zongo da babbar riga. Bayan gaisuwa ya gyara murya ya ce, "Ɗana, arziki ba laifi ba ne, ɓoye shi ga iyali shi ne laifi. Filayen nan a ina suke? Kasoa ne, ko Amasaman, ko Dodowa? Kana da takardu? Ka yi rajista a hukumar filaye? Ka san a garin nan fili ɗaya ana sayar wa mutum uku, sannan a ɗauko 'yan daba su yi gadinsa." Kafin in buɗe baki maiɗakina ta fashe da kuka ta ce, "Maigida, shekara tara muna haya a ɗaki da falo a Nima, mai gida yana neman kuɗin shekara biyu a dunƙule, ashe kai daji gare ka har kana cewa ya yi maka yawa!"

Na shiga ɗaki na ɗauko kwalin, na durƙusa na jera filayen ɗaya bayan ɗaya a kan tabarma. Falon ya yi tsit. Kawu ya sa tabarau, ya ɗauki guda, ya duba itatuwan, ya juya bayansa yana neman hatimin sarki, sannan ya ce, "Wannan a wace unguwa yake?" Na ce, "Ba ya ko'ina, Kawu." Ya tambaya ko caca ce, na rantse masa cewa ba a cin ko kwabo a wasan. Hajiya, wadda ba ta ce uffan ba tun farko, ta ajiye carbi ta ce, "To Malam, in ba a cin kuɗi, me ya ci kuɗin firij?" Na lura cewa Alhajin ya sauka daga wannan lokaci.

Katunan sun iso a ƙarshen Satumba cikin jakar wata baiwar Allah da ta sauka a filin jirgin Kotoka, a tsakanin man shafawa da takalman yara. Ranar Lahadi na nufi barandar abokinmu a Maamobi ina tafiya kamar ango. Kafin a raba kati na zaro Jeweled Lotus na ɗora a tsakiyar tebur don kowa ya san da wa yake zaune. Suka kalli juna. Yaron Madina ya miƙo mini wayarsa a hankali, kamar mai isar da saƙon rasuwa: ranar Litinin da ta wuce, 23 ga Satumba 2024, kwamitin da ke kula da dokokin tsarin a lokacin ya haramta wasa da shi, tare da Mana Crypt da Dockside Extortionist da Nadu. Ni ban gani ba, domin tun ranar taron Kawu aka rage mini kuɗin data.

Suka ara mini wani kati ya cike gurbin, aka fara. Na samu fili biyu a hannun farko, na sauke elf uku, raina ya ɗan dawo. A zagaye na biyar abokinmu mai ɗinki ya sauke katin da ke share duk halittun da ke kan tebur, ya kwashe elf ɗina tare da manar da na dogara da ita. Daga nan fili na uku ya ƙi zuwa. Zagaye shida ina jan kati, kowanne ya fi na baya kyau da tsada, babu wanda zan iya saukewa, Craterhoof Behemoth tana hannuna tana kallona da mana takwas ɗinta. Ba wanda ya ko kai mini hari, domin sun ce ba a dukan mara lafiya. Tun da hannuna ba ya aikin komai, sai aka miƙo mini butar ataya, na yi awa biyu ina zuba wa mutanen da ke wasa. Mai ɗinki ya kurɓa ya ce garin neman gira na rasa ido, kuma a ganinsa shi ya sa jagorata take da ido ɗaya.

Na koma gida da niyyar mayar da filayen goma tun kafin isha'i, na duba ƙarƙashin katifa, babu su babu robar. Maiɗakina ta ce, ba tare da ta ɗago kai daga tsintar shinkafa ba, Hajiya ta tafi da su Kumasi. Na roƙi yaron Madina ya ba ni goma daga cikin ɗaruruwan da ke zube a kwalinsa, ya ce zai sayar mini, amma sai na zo da shaidu biyu da kuɗin goro. Da na kira Kumasi na gaishe ta da ladabi na kawo zancen a kaikaice, sai Hajiya ta ce, "Filayenka suna nan cikin adakata, Malam, babu wanda ya yi gini a kansu. Ranar da 'yata ta kira ni ta ce ta sha ruwan sanyi daga firij ɗinta, sai ka aiko a karɓa."