Wayar da muke bugawa a saki namu

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Makon jiya na raka wata maƙwabciyarmu, bazawara mai ɗinki, ofishin 'yan sanda. An haɗa da ɗanta a kamen dare yana dawowa daga shago. A bango an rubuta ƙarara cewa beli kyauta ne, amma a gindin wannan rubutun aka ce mata sai ta "kawo wani abu". Ta kwance bakin zani ta ƙirga, bai kai ba. Washegari keken ɗinkinta ya tafi kasuwa. Yaron da aka kama su tare kuwa ko kwana bai yi ba, kawunsa ya buga waya ɗaya aka buɗe masa ƙofa.

Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin awa 24, ko 48 in kotun na nesa. Amma kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke, ba a yanke musu hukunci ba. Wani zai shekara uku a tsare kan zargin da ko an same shi da laifi wata shida ne. A 2013 kuwa, wani babban jami'i ya amsa laifi a Abuja kan biliyoyin kuɗin fanshon 'yan sanda, aka ba shi zaɓin tarar naira 750,000, ya biya ya tafi gida. Sai a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta ɗaure shi.

Nana A'isha (RA) ta ruwaito cewa wata mace daga Banu Makhzum, gidan girma a Ƙuraishawa, ta yi sata. Danginta suka nemi Usama ɗan Zaid, abin ƙaunar Manzon Allah (SAW), ya je ya yi roƙo. Fuskar Annabi ta sauya. Ya miƙe ya yi huɗuba, ya ce abin da ya halaka mutanen da suka gabata shi ne, in babba ya yi sata su ƙyale shi, in mai rauni ya yi su tsayar masa da haddi. Sannan ya rantse cewa da Faɗima 'yarsa ce ta yi, da ya yanke hannunta.

Ku lura, ba alƙali aka yi wa faɗa ba ranar nan. Mai neman alfarma aka yi wa. A nan ne abin yake taɓa ni da kai. Muna zagin mai karɓar toshiyar baki, alhali hadisin da ya la'ance shi, da mai bayarwa ya fara. In ƙaninmu ya ci dukiyar wani, mu ne kan gaba wajen neman lambar "wani babba". Wallahi ni ma na taɓa bugawa, kuma ina neman gafarar Allah, don haƙƙin wani na danne. Allah ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 135, mu tsaya da adalci ko da a kan kanmu ne, ko iyaye da dangi.

In kana da wannan lambar, yi amfani da ita ga wanda aka zalunta. Tsaya wa marar gata a beli, ka nuna masa ofishin hukumar ba da lauya kyauta ta gwamnati, ka leƙa wanda aka manta a kurkuku.

Maƙwabciyata ta samu ɗanta, amma yanzu wankau take yi a gidajen mutane. Muna haɗa mata kuɗin keke a masallacin unguwa bayan sallar Juma'a.