'Ya'ya goma sha huɗu, likita biyu kawai ya ƙirga

Jama'a, wani abu ya tsaya mini a rai tun makon jiya. Ɗan yayata a nan Garwa sikila gare shi, shekararsa tara. Likita ya kawo maganar dashen ɓargo a ƙasar waje, ya ce sai an fara gwada jinin 'yan'uwansa. Mijin yayata ya gyara zama ya ce, "Likita, 'ya'yana goma sha huɗu, ai sai ka zaɓa ka darje." Likitan ya ajiye biro. "Alhaji, uwa ɗaya uba ɗaya da shi su nawa ne?" Biyu. Yaya ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi.

Gwajin ba na rukunin jini ba ne, wato A ko O. HLA ake ce masa, wasu alamomi a jikin ƙwayoyin halitta da garkuwar jiki ke bi ta gane ɗan gida da baƙo. Rabinsu gadon uwa, rabi gadon uba, shi ya sa ko shaƙiƙi ma damar dacewarsa ɗaya bisa huɗu ce. Ɗan uba kuwa, rabinsa na ɗakin kishiya ne. Bafaranshe Jean Dausset ya gano alamar HLA ta farko a 1958, aka ba shi kyautar Nobel a 1980.

Inda raina ya sosu: masu bincike suna kiwon wasu ƙwayoyin halitta da aka san alamominsu sarai, suna auna kayan gwajinsu da su, kamar mudun da kasuwa ta yarda da shi. Akwai wasu sanannun ƙwayoyi, Raji, daga jikin wani yaro ɗan Najeriya mai ciwon daji aka samo su a Ibadan a 1963, har yau ana aiki da su a duniya. Amma a rajistar masu ba da ɓargo, inda ake neman wanda ya dace in ba a samu a gida ba, 'yan Afirka ƙalilan ne, alhali babu nahiyar da ta kai mu yawan ire-iren HLA.

Kada mu ɗora wa Turawa duka. Mu ne da an fito da sirinji sai ka ji "tsafi za su yi da shi". Baffan yaran yayata ma sai da ya faɗa, a gabana.

An dai ɗebi na yaran biyu ranar Talata. Ƙaramar ta yi kuka, aka lallashe ta da alewa. Sakamako muke jira.